Kwana Biyun da Na Jira Baba Ya Farka

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, ya kuma bar wa bawa tafiyar da ke tsakanin biyun.

Sunana Asma'u, a gida Ma'u ake ce mini. Ƙauyenmu yana ƙasar Sudan, gabas da Suki, a bakin tur'a, wato babbar magudanar da ke kawo ruwan kogi zuwa gonaki. Labarin jinyar mahaifina Malam Haruna zan ba ku, wadda muka yi kafin yaƙin nan ya tarwatsa mutane. Na rubuta shi ne saboda mutumin da yake da ɗan ƙulli a ƙafa yana cewa ai ba ya zafi. Namu ma ba ya zafi.

Baba manomi ne. Yana da hawasha, gonar ban-ruwa da ya gada daga kakanmu, yana shuka auduga da dawa. Bayan la'asar kuma yakan zauna a rumfar ƙofar gida ya karantar da dattawan unguwa tauhidi. Ni tun ina ƙarama a bayan zanar rumfar nake zama, ina tsintar wake ko ina yanka kuɓewa, karatun yana shigo mini ta ramukan zana tare da hasken yamma. Da aurena ya mutu na dawo gida, sai na tarar ba wanda ya ɗauki wurin zaman nan nawa.

Karatun da ya fi so shi ne na halittar Annabi Adamu. Yakan ce an ƙera shi da yumɓu, ya bushe, yana kwance ba motsi, sai Allah ya hura masa daga ruhinsa. A nan yakan ɗaga yatsa ya ja kunnen masu saurare, kada wani ya zaci wani yanki ne na Allah ya shiga jikin mutum, domin Allah ba ya yankuwa. Ruhi halitta ne, an jingina shi ga Allah ne don girmamawa, kamar yadda ake cewa Ɗakin Allah. Amma saboda hurawar nan ce mutum ya bambanta da kogi. Kogi ba ya iya cewa yau ba zan gangara ba. Mutum yana iyawa, shi ya sa shi ake yi wa hisabi.

Ƙayar wani itace da ake kira kitir ce ta soke shi a tafin ƙafar hagu, wata rana yana gyaran bakin ruwa ba takalmi. Ya cire ta da allura ya manta. Bayan wata shida ko bakwai wani ƙulli ya fito a wurin, kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. Damina uku muna kallonsa yana girma a hankali. A ta huɗu ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga, ƙananan ramuka suka buɗe a jikinta suna tsatsafar ruwa, a cikin ruwan kuma akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar habbatussauda. Ni nake wanke masa da ruwan gishiri kowace safiya. In na tsiyaye ruwan sai in ga ƙwayoyin sun kwanta a gindin kwano, in tsaya ina kallonsu har Inna ta kira ni.

'Yan dubiya kowa da nasa maganin. Aka daka bagaruwa aka cusa a ramukan. Aka kawo wanzami ya tsaga ya matse, ƙafar ta saɓe na sati biyu ta dawo fiye da da. Ƙanen Baba, Baffa Sale, ya kai shi wurin wani mai maganin gargajiya a Sinnar, ya ɗora masa ƙarfen da ya yi ja a wuta a wuri bakwai. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, da ƙauna suka yi. Amma kowane magani daga cikin waɗannan ya ci mana wata biyu ko uku, kuma watannin nan su ne muka nema daga baya muka rasa.

Da aka gama cirar auduga, yayana Bashir da ke aiki a Bur Sudan ya matsa mana a waya, muka tafi Sinja ni da Baba da Baffa Sale. Mun isa asibitin da hantsi muka tarar layi ya fito har ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Ranar ba mu ga likita ba. Kashegari muka gan shi ya rubuta a yi hoton ƙafar, aka ce ba wuta. Sai a rana ta uku aka yi. Likitan ya ɗaga hoton a taga, ƙasusuwan Baba suka fito da ramuka kamar itacen da gara ta ci. Ya ce, "Nabit." Kalmar ta zauna mini a kai, don a Larabcin nan namu tsiro ake nufi da ita. Ashe wani abu ne ya shiga tare da ƙayar ya yi saiwa. Likitan ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, mu wuce Madani.

A sati na biyu da dawowarmu daga Sinja Inna ta sayar da tumakinta muka kama hanya. Ban taɓa yin tafiya mai nisa haka ba. Ƙasa shimfiɗe ba tudu ba kwari, kawalwalniya tana kwance a kan gonaki kamar tafki, ƙauyuka suna iyo a cikinta ba su taɓa ƙasa ba. Baba yana jikin taga, ƙafarsa a naɗe a kan cinyata. Wani lokaci in ga kamar motar ce a tsaye, itatuwa ne ke tafiya su bar mu.

Likitar da muka samu a Madani mace ce, ba ta girme ni sosai ba, Daktora muke ce mata. Ta buɗe ƙafar da kanta ba ta yamutsa fuska ba, abin da har yau nake gode mata a kai. Ta danna nan ta danna can, ta duba hoton, sannan ta jawo kujera ta zauna daidai fuskar Baba ta yi masa magana da Larabci.

"Ya Hajj, ƙashin ya tafi, magani ba zai dawo da shi ba. In muka yanke yanzu, ƙasa da gwiwa za mu yanke, ka yi tafiyarka da ƙafar roba. In aka jira, ban san inda za mu tsaya ba."

Ta ajiye wata takarda a gabansa. "Ba mai taɓa ka sai ka sa hannu a nan."

Baba ya daɗe yana kallon takardar. Can ya ce zai koma gida ya yi shawara. Ta ce kwana nawa. Ya ce bakwai. Kwana ashirin da biyar muka yi.

A kwanakin nan rumfar ƙofar gida ta cika da masu shawara, amma muryar Baffa Sale ta fi ta kowa. Mutum ne mai son yayansa kamar ransa, kuma ganin takardar nan ya girgiza shi. Wata la'asar ina bayan zana na ji yana cewa, "Yaya, Allah ya ba ka jiki cikakke, da wane ido za ka mayar mai da shi a gutsure? Abin da aka rubuta an rubuta. In kwana ya ƙare, ko sun yanke za ka tahi. In da saura, ko ba su yanke ba kana nan."

Na ajiye wuƙar kuɓewa ina jiran amsa, don na san ta. Shekara talatin duk wanda ya kawo irin wannan magana, da misalin tur'a Baba yake amsa masa. Yakan ce ruwan da ke zuwa ba na manomi ba ne, ba shi ya yi shi ba, ba shi ya koro shi daga kogi ba. Amma in ya iso bakin hawasha, manomi ne ke sa fartanya ya fasa masa hanya, ko ga auduga ko ga ciyawa. In aka ce masa fartanyar da hannun fa, wa ya yi su, sai ya ce su ma Allah ne, amma ranar da ka shayar da ciyawa kai za a tambaya, kuma kai kanka ka san ba wanda ya riƙe maka hannu.

Ranar Baba bai ce komai ba. Na leƙa ta ramin zana na ga yana gyaɗa kai.

Da safe ina wanke masa ƙafar na ce, "Baba, jiya Baffa ya yi magana ba ka amsa ba."

"Mi kike so in ce?"

"Abin da ka saba cewa. Ruwa da fartanya."

Ya yi 'yar dariya, ya kalli ƙafar da ke cikin kwano kamar ta wani ce. "Ma'u, karatun da na yi ma mutane gaskiya ne. Sai dai yanzu nike gane cewa da ƙafa biyu na yi shi. Tsoro nike ji, ɗiyata. Maganar Sale inuwa gare ta, in na shiga ciki ba sai na zaɓi komi ba."

Na ci gaba da matse tsumma.

"Na sani ɓuya ce," in ji shi. "Ki bar ni in hito da kaina. Abu guda nike roƙonki. Kada ki bari a yanke mini hukunci ina barci. In za a yi, ni za ni ce a yi."

Na ce na ɗauka. A lokacin ban ga nauyin abin da na ɗauka ba.

Sati na uku a gida karatun la'asar ya tsaya. Baba yakan kwanta a angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa tun daga azahar, Inna tana ƙona turare don warin ƙafar, hayaƙin yana tashi a miƙe saboda rashin iska. Kwanakin suka riƙa narkewa cikin juna. Nakan zauna ina korar masa ƙuda da mafici, in ji kurciya tana kuka a kan bishiyar maƙwabta, in kasa tuna ko yau ce na ji ta ko jiya. Shi kuma yana tsakanin barci da ido biyu, yana magana da mutanen da suka daɗe da rasuwa. Wani lokaci ya tambayi ko an saki ruwa a tur'a, alhali rani ne. Daga nan zazzaɓi ya zo, kumburin ya bar idon sawu ya hau ƙwauri. A rana ta ashirin da biyar Inna ta kawo masa kunu ya kalle ta ya kira ta da sunan mahaifiyarsa. Ranar muka nemi mota muka koma Madani, Inna ta zauna a gida don ita ma ba ta da ƙarfin tafiyar.

Ranar Litinin ce. Aka kwantar da shi a ambar, dogon ɗakin marasa lafiya na maza, a gado na kusa da taga. Daktora ta zo ta duba. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki alƙalami ta ja layi a fatarsa, yatsa uku ƙasa da gwiwa, daidai inda jan kumburin ya tsaya. Sannan ta kira ni da Baffa waje.

"Wani ciwo ya hau kan na farko, yana neman shiga jini," in ji ta. "In muka shiga yau, wataƙila mu tsira da gwiwar. Shi ba ya cikin hayyacinsa, don haka ɗaya daga cikinku zai sa hannu."

Baffa ya mayar da hannuwansa baya. "Ni hannuna ba ya zuwa wurin."

Na kira Yaya Bashir na gaya masa. Bai bari na gama ba. "Ki sa hannu, Ma'u. In ya tashi ya yi fushi ki ce ni na ce."

"Na yi masa alkawari, Yaya."

"Alkawari da mutumin da bai san sunan Inna ba? Ki sa hannu."

Daktora ta miƙo mini alƙalamin da ta ja layin da shi. Na karɓa. Muna tsaye a barandar asibitin, rana ta take, komai ya yi fari har ba na ganin iyakar bango da sama. Hayaniyar mutane ta ja baya kamar na nutsa cikin ruwa. Na kalli hannuna a kan takardar. Na nemi wanda zan ce shi ya tilasta ni, na rasa. Umarnin Yaya yana nan, alkawarin Baba yana nan, tsoron mutuwarsa yana nan, amma ba ɗaya a cikinsu da ya motsa mini yatsa. Hannun yana iya rubutawa, yana iya bari, kuma duk wanda ya yi ni ce na yi. Shekara da shekaru ina jin karatun nan ta bayan zana kamar labarin wasu mutane. Ban taɓa sanin kaɗaici ne haka ba.

Na ce, "Daktora, in aka ba shi magani zai iya farkawa?"

"Zai iya. Zai iya kuma ƙin farkawa."

"Ki ba ni kwana biyu."

Ta kalle ni har na sunkuyar da kai. Ta karɓi alƙalaminta. "Ranar Alhamis da safe zan dawo da takardar nan, ko ya farka ko bai farka ba. Ki sani, ranar ba maganar gwiwa za mu yi ba, maganar rai ce."

Aka sa masa ruwa da allurai. A nan dole in faɗi abin da ya ɓata mini rai. Ɗakin maganin asibitin ba komai a ciki, har auduga da bandeji sai na tsallaka titi na sayo, mu da muke noma audugar. Mai kula da ɗakin guda ɗaya ce ga gadaje fiye da yadda mutum ɗaya zai iya, in ruwa ya ƙare sai ka bi ta kana roƙo. Amma ita ɗin dai ce ta koya mini yadda zan juya shi kada bayansa ya yi gyambo, kuma wata tsohuwa da ke jinyar mijinta a gadon kusa da mu, wadda ko sunanta ban riƙe ba, ita ta riƙa raba kisirarta biyu, gurasar dawa, ta tura mini rabi. Allah ya saka musu.

Yaya Bashir ya daina ɗaukar wayata. Baffa Sale ya shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya a harabar asibitin, ba ya shigowa sai ya leƙa ya koma. Ni kuwa ina kan tabarma a gefen gadon. Fankar sama tana juyawa a hankali in akwai wuta, in babu ta tsaya, ƙura tana yawo cikin hasken taga. Ba abin da nake kallo sai abu biyu, ƙirjin Baba da layin Daktora. Ƙirjin yana tashi yana sauka. Wani lokaci ya daɗe bai tashi ba, in ji nawa numfashin ya tsaya yana jiransa, sai ya dawo daga wani wuri mai nisa. Nakan tambayi kaina ina yake a yanzu, shi Baban da ya roƙe ni alkawari. Jikin ga shi a gabana, zafi kamar tukunya. Amma mai cewa a yi ko a bari ba ya ciki, ko kuwa yana ciki can ƙasa inda murya ba ta kaiwa.

Ranar Talata da azahar jan kumburin ya taɓa layin. Da yamma ya haye shi. Ranar Laraba da safe gwiwar ta cika ta yi sheƙi. Na je bakin ofishin Daktora sau biyu da niyyar in ce ta kawo takardar, sau biyu ina juyowa. Ba zan ce muku ƙarfin imani ne ya juyo da ni ba. Ban san mene ne ba.

Bayan la'asar ta Laraba gumi ya karyo masa har zanen gadon ya jiƙe. Ina goge masa goshi sai na ga idonsa a buɗe yana bin hannuna.

"Ma'u, ba ni ruwa."

Na ɗaga kansa ya sha. Ya tambayi wace rana ce, na faɗa masa. Ya tambayi Inna da sunanta. Sannan ya tsura wa taga ido, har na zaci ya koma, sai ya soma magana a hankali.

"Na gan ni kwance bakin tur'a. Ba nama gare ni ba, laka ce busassa, iska na shiga ta kunnena tana hita ta baki, ina ƙara kamar tulun da ba komi ciki. Ba zahi, ba tsoro, ba abin da ake jira in yi. Daɗi gare shi, Ma'u. Na so in zauna haka. Sai na ji wani sanyi ya shigo ta hancina ya gangara. Duk inda ya kai sai wurin ya yi nauyi ya koma nawa. Da ya kai ƙirji tsoro ya dawo. Da ya kai hannu na ga ina iya ɗaga shi, ina iya barinsa. Na jira a ce mini tashi. Ba wanda ya ce. Aka bar ni kawai."

"Sai ka yi yaya, Baba?"

"Sai na nemi ruwa."

Ya laluba da hannu zuwa cinyarsa. "Tana nan?"

"Tana nan."

"Ba ki sa hannu ba."

"Ban sa ba."

Ya rufe ido, hawaye ya gangara ta gefe ya shiga kunnensa. Ya ce in kira Daktora, in kira Sale.

Daktora ta zo ta yi masa tambayoyi don ta tabbata shi ne da kansa, sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Ta gaya masa gaskiya, cewa yanzu da wuya gwiwar ta tsira. Ya ce ya ji. Ta ba shi alƙalami, hannunsa yana karkarwa har alƙalamin yana buga takardar. Ta ce ya dangwala yatsa kawai ya isa. Ya ƙi.

"Wagga rawa ba tawa ba ce," ya ce da ni, "zazzaɓi ke yin ta. Mu jira ta lafa."

Muka jira, Daktora a tsaye da duk aikin da ke gabanta. Da hannun ya ɗan natsu ya rubuta sunansa da na mahaifinsa harafi bayan harafi, ya miƙa mata. "Wanga kuwa ni na yi."

Baffa Sale yana tsaye a ƙarshen gadon. "Yaya, abin da aka rubuta fa?"

"An rubuta zan sa hannu, Sale, ni kuma na sa. Duka biyun gaskiya ne. Kada ka tambaye ni inda suka haɗu, karatuna bai kai can ba."

Ranar Alhamis da hantsi aka shiga da shi. Sama da gwiwa aka yanke. Da Daktora ta fito na tare ta na tambaye ta abin da ke cina, ko da na sa hannu ranar Litinin da gwiwar ta tsira. Ta cire abin rufe bakinta ta ce, "Ban sani ba. Wataƙila." Ba ta ƙara komai don ta faranta mini ba.

Aka fito da ƙafar a naɗe da farin ƙyalle, aka tambayi wanda zai karɓa. Kafin in motsa Baffa Sale ya miƙa hannu biyu. Shi da ya ce hannunsa ba ya zuwa wurin, shi ya rungume ta a ƙirji ya fita da ita, ya nemi maƙabarta a cikin garin da bai sani ba ya haƙa ya binne. Ya dawo da ƙura har gwiwa, ya zauna a bakin gadon yayansa, ya kama hannunsa ya riƙe har maganin barcin ya sake shi.

Sati uku muka ƙara a Madani. Satin farko ciwo ne da wankin rauni, na biyu koyon zama, na uku sanduna. Ƙafar roba ta sama da gwiwa nauyi gare ta, da aka samo ta daga baya ya gwada ya jingine ta a kusurwar ɗaki. Bai sake shiga hawasha ba, Baffa ne ya ci gaba da noma ta. Yaya Bashir ya yi wata huɗu ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Ban ga laifinsa ba. Da Baba bai farka ba, ban san da wane baki zan yi wa Inna bayani ba, kuma ba na ba wa kowa shawarar ya yi abin da na yi. Sau ɗaya na tambayi Baba ko yana jin haushina saboda gwiwar. Ya ce shi ya ɓatar da kwana ashirin da biyar, ni biyu na ci. Sai ya ƙara da cewa, "Ban ce ba ki ci komi ba. Kowa ya riƙe nashi."

Abin da nake roƙon mai karanta wannan ba shi da yawa. Ku sa takalmi in za ku shiga gona, ko da tsoho ne. In ƙaya ta soke ku wuri ya yi ƙulli, kada rashin zafi ya ruɗe ku, ku je a duba tun yana ƙarami. Daktora ta ce da a shekarar farko muka zo, ɗan yanka ne kaɗan da ƙwayoyi. Ku yi addu'a, ku sha rubutu in kuna so, amma ku yi su a kan hanyar asibiti. Kuma in kuna da dattijo mai jinya, ku yi maganar da ke da wuya tun yana ganewa.

Kamar wata biyu da dawowarmu gida, wata safiya ina shara na ji Baba yana kirana daga rumfa. Na tarar da shi zaune a tabarma ya jingina da bango, dungun cinyar a miƙe a gabansa.

"Ma'u, zo ki sosa mini."

"Ina, Baba?"

Ya nuna tabarma, wurin da ba komai, kamar kamu ɗaya gaba da dungun. "Tsakanin babban yatsa da mai bi mai."

Na zaci zazzaɓin ne ya dawo. Na taɓa goshinsa na ji shi sanyi lau. Ya gane abin da nake tsoro ya yi murmushi.

"Hankalina ɗaya. Na sani tana Madani, Sale ya rufe ta da hannunshi. Daktora ta gaya mini za a yi haka, ta ce jijiya ce. Wataƙila jijiyar ce. Ni dai har yanzu can nike ƙarewa, ban ji an rage ni ba. Ke dai sosa."

Na durƙusa na sa farce a kan tabarmar, ina jin kunyar kada wani ya shigo ya gan mu. Na soma sosawa.

"Ɗan yi hagu," in ji shi.

Na yi hagu.

"Nan."

Ya sauke numfashi mai tsawo ya lumshe ido. Na ci gaba da sosa tabarmar har barci ya ɗauke shi.